Rabin Sakan Ya Tona Asirin Ɓarawo

Jama'a, labarin da za mu ba ku yau labarin sata ne, amma irin satar da ba a fasa katanga ba, ba a karya kwaɗo ba, ba a kuwa ɗauki ko anini ba. An dai yi shekara biyu da 'yan watanni ana haƙa rami a hankali, har ya rage kaɗan a ɓulla cikin rumbun mutanen duniya, sai wani mutum guda ya ji motsi ya tashi ya duba. Abin ya tonu ne cikin watan Maris na 2024. Mun ga ya kamata mu bayyana shi filla-filla, gama ko wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana da rabo a ciki, muddin yana da waya a aljihu ko kuɗi a banki.

AIKIN GAYYA

Kwamfuta dai, duk da yabon da a ke yi mata, ba ta da wayon kanta ko kaɗan. Abin da aka umurce ta shi ta ke yi, ba ƙari ba ragi. Jerin umurnin nan shi a ke kira manhaja. Mutum ne ya kan zauna ya rubuta shi layi layi cikin wani harshe da masu sana'ar ke iya karantawa, wannan shi ne rubutun asali. Sa'an nan a miƙa shi ga wata manhaja ta juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfanoni da yawa abin da aka juya ɗin nan su ke sayarwa, rubutun asali kuwa su kulle shi, kamar yadda mai magani ya kan sayar da garin magani ya ɓoye sunan itacen.

A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ce shi bai yarda da wannan ba. Ya kafa aikin da ya kira GNU, don a rubuta manhajar da kowa zai iya karanta asalinta, ya gyara, ya ba wani. A 1989 ya fito da takardar sharaɗi wadda ta ce duk wanda ya gyara irin wannan manhaja ya rarraba, wajibi ne ya bar gyaransa a buɗe shi ma. A 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, watau sashen da ke tafiyar da na'urar kanta, ya sake shi ga jama'a. Shi ne Linux. Yau duk wayar da ke aiki da Android a kansa ta ke tsaye, haka nan yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, waɗanda a ke kira uwar garke. A 2017 ma aka wayi gari kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka Linux su ke amfani da shi.

Aikin gayya ke nan sosai, sai dai 'yan gayyar ba su san fuskar juna ba. Wani yana Jamus, wani yana Indiya, wani yana Barazil, kowa ya nome kunyarsa ya aiko. To, mai hankali zai tambaya, in kowa na iya sa hannu, me zai hana mugu ya zo da fartanyarsa ya shuka ƙaya? Abu biyu aka dogara gare su, littafin rajista da mai gadi.

LITTAFIN DA BA YA KANKARUWA

Tun da daɗewa masu rubuta manhaja suka gane ba shi yiwuwa a yi ta gyara rubutu ba tare da an ajiye tarihin gyaran ba. A 1972 Marc Rochkind na ma'aikatar bincike ta Bell a Amurka ya yi manhajar farko da ta shahara wajen wannan aiki, SCCS. RCS ta biyo baya a 1982, sa'an nan CVS a 1986. Aikinsu duka ɗaya ne, a rubuta wane ne ya canza wane layi, yaushe, kuma don me, har in an ga gyaran ya ɓata abu a koma inda aka fito.

Amfanin wannan ya bayyana a farkon Nuwamba na 2003. A lokacin, ainihin rubutun Linux yana cikin wata rajista mai suna BitKeeper, a kan kuma kwafe shi kullum zuwa wata ta CVS don masu sha'awar waccan. Wani ya kutsa cikin na'urar da ke riƙe da kwafin, ya ƙara layi biyu tak. In ka duba layin sai ka ce bincike ne kawai, ana tambaya ko mai amfani da na'urar shi ne uban gida, wanda a tsarin Linux a ke kira root, mai ikon yin kome. A harshen da aka rubuta Linux da shi, tambaya irin wannan da alamar daidai guda biyu a ke rubuta ta. Shi kuwa mutumin guda ɗaya ya sa. Da alama ɗaya, maganar ta tashi daga tambaya ta koma naɗi, duk wanda ya san sirrin ya zama uban gida nan take. Mu da muka sha duba takardun jarrabawa mun san yadda ido kan tsallake irin wannan, ya karanta abin da ya ke tsammani maimakon abin da ke rubuce. Ba ido ne ya kama shi ba. Larry McVoy, mai BitKeeper, shi ya lura kwafin ya saɓa wa asali, akwai gyara wanda babu shaidar shigarsa a babban littafi. Aka share shi tun bai kai ko'ina ba.

A 2005 aka sami saɓani da kamfanin BitKeeper, ya janye izinin amfani da manhajarsa kyauta. Torvalds ya ajiye aikin Linux, ya zauna cikin watan Afrilu ya rubuta tasa rajistar, ya sa mata suna Git. Cikin 'yan kwanaki ta fara riƙe tarihin kanta. A watan Yuli ya danƙa ta ga wani Bajapane, Junio Hamano, ya koma bakin aikinsa.

Dabarar Git ta isa a tsaya a kanta. Duk gyaran da aka shigar, sai a yi wani lissafi a kan abin da ke cikinsa duka, a fitar da lamba mai harafi 40, ta zama kamar zanen yatsansa. Cikin abin da a ke lissafawa har da lambar gyaran da ya gabace shi. Saboda haka kowane shafi yana ɗaure da na bayansa kamar sarƙa. In wani ya koma shafin shekara goma da suka wuce ya canza ko da ɗigo, lambar shafin nan ta canza, ta wanda ke binsa ma ta canza, har zuwa na yau. Ga shi kuwa ba littafi ɗaya ba ne a ofis ɗaya. Kowane ma'aikaci yana da cikakken kwafi tun daga shafin farko a tasa na'urar. Ku kwatanta da ma'ajin da ke son ya kankare lissafin bara, alhali akawu dubu kowa na riƙe da irin littafin a gidansa. A watan Agusta na 2011 aka gane ɓarayi sun shiga kernel.org, gidan da a ke rarraba Linux, har aka rufe shi fiye da wata guda ana gyara. Amma hankalin mutane bai tashi ƙwarai game da rubutun kansa ba, don da an taɓa shi da dubban kwafi sun yi ƙara.

MAI GADI

Na biyu shi ne mai kula da na'ura. Kowane banki, kowace jami'a, kowane kamfanin waya yana da irinsa, galibi ba wanda ya san sunansa sai ran da abu ya lalace. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci ƙofa, ya rufe ta wanda ya bar aiki. Shi ke ba kowa iko gwargwadon aikinsa, kada masinja ya riƙe mabuɗin baitulmali. Shi ke ajiye kwafin kome a wani wuri dabam saboda gobara ko ɓarna, ya kuma karanta littafin da na'ura ke rubutawa da kanta na wanda ya shiga da wanda ya ƙwanƙwasa aka hana shi.

Na'urorin da ya ke kula da su sau da yawa ba ya ganinsu da ido, suna wani gari ko wata ƙasa. Ta wata ƙofa ya ke shiga daga nesa, sunanta SSH. Wani mutumin Finland ne kuma, Tatu Ylönen, ya ƙago ta a 1995, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a kan wayoyin jami'arsu. A 1999 mutanen OpenBSD suka fito da tasu buɗaɗɗiya, OpenSSH, wadda ta game duniya. Mabuɗinta biyu ne masu tafiya tare, ɗaya a kan bar shi jikin ƙofa kowa ya gani, ɗaya mai shi ya ɓoye, ƙofar kuwa ba ta buɗewa sai na ɓoye ya dace da na fili. Mutanen OpenBSD sun yi suna wajen tsanani, rubutunsu ya sha bincike. Wanda ya ce zai fasa ƙofar nan gaba da gaba ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo. Ɓarawon namu bai ko gwada ba.

MUTUM GUDA DA KAYAN DUNIYA

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Aikinta matse bayanai su ƙanƙance don sauƙin ajiya da aikawa, kamar yadda a ke danne auduga a ɗaure ta dam kafin a ɗora wa jirgi. Ba ta da kwarjini, ba mai hira a kanta, amma da wuya ka sami na'urar Linux da ba ta ciki. Wanda ya ke riƙe da ita shekara da shekaru shi ne Lasse Collin, shi ma mutumin Finland, shi kaɗai, a lokacin hutunsa, ba wanda ke biyansa.

A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da 'yan gyare-gyare. Gyara ne mai kyau, maganarsa kuma da ladabi. Ya ci gaba da haka wata da watanni. Cikin 2022 sai waɗansu sunaye suka ɓullo, wani Jigar Kumar, wani Dennis Ens, waɗanda ba a san su da wani aiki ba kafin nan, ba a kuma ƙara jin ɗuriyarsu ba bayan nan. Suka dinga matsa wa Collin lamba, suna cewa aiki ya tsaya, gyare-gyare sun taru ba a duba ba, in ba zai iya ba ya ba wani. A watan Yuni ya amsa musu cewa bai daina kula ba, amma rashin lafiya ya rage masa ƙarfi, su kuma tuna aikin nan na sa kai ne. Ya ambaci cewa Jia Tan yana taimakonsa, mai yiwuwa ya ƙara masa matsayi nan gaba. Abin da a ke jira ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada mai karatu ya yi saurin ganin wautar Collin. A ce kai ne, ka shekara fiye da goma kana ɗauke da kaya kai kaɗai, masu amfana da shi ba sannu ba na gode sai ƙorafi, sa'an nan ga wani ya zo yana tallafa maka wata da watanni bai taɓa yi maka ƙarya ka kama ba, wa za ka ba amana in ba shi ba? A aikin gayya irin wannan da ma haka a ke samun matsayi, da yawan aiki mai kyau. Ba a tambayar takardar haihuwa. Kafin 2023 ta yi nisa Jia Tan ya sami ikon shigar da gyara cikin rajista da kansa, har ya zama shi ke sa hannu a kan sabon fitowar xz.

Ya ƙara haƙuri har shekara ta juyo. Ran 24 ga Fabrairu 2024 ya fito da xz mai lamba 5.6.0, ran 9 ga Maris kuma 5.6.1. A cikinsu ɓarauniyar ƙofar ta ke.

Yadda ya ɓoye ta shi ne abin da ya fi ba masana mamaki, don mutumin ya san rajista ba ta kankaruwa, ya kuma san ana karanta ta. Sai ya raba kayan satarsa biyu. Kashi na farko, watau ƙofar kanta, ya niƙa ta ya cusa cikin waɗansu fayiloli biyu na gwaji. Manhajar matse bayanai dole ta kasance da irin waɗannan, har da lalatattu da gangan, don a gwada a ga yadda za ta yi in ta gamu da abin da ya lalace. Ba rubutu ba ne da mutum zai karanta, tarkacen lambobi ne, ba mai tsammanin ma'ana a ciki. Waɗannan ya shigar da su rajista a fili, kowa na gani, ba wanda ya ce uffan.

Kashi na biyu, ɗan umurnin da zai je ya tono ƙofar daga cikin tarkacen ya dasa ta, bai sa shi a rajista ba sam. Al'ada ce tsohuwa, in za a fito da sabuwar manhaja, mai riƙe da ita ya kan ɗaure rubutun cikin ƙunshi guda, ya haɗa da waɗansu takardun gini waɗanda na'ura ce ke rubuta su, masu tsawo da gundura, ba mai karanta su. Wannan ƙunshi shi masu harhaɗa Linux, irin su Debian da Fedora, su kan ɗauka su gina. A nan ya sa umurnin. Wanda ya duba rajista ba zai ga laifi ba, abin da aka gina kuwa ba daga rajistar aka gina shi ba. Ashe an yi ta gadin littafi, kaya kuwa ta wata hanya su ke fita.

To, ina ruwan manhajar matse bayanai da ƙofar SSH? Nan ma akwai saƙa. OpenSSH yadda masu ita suka rubuta ta ba ta taɓa xz. Amma Debian da Fedora da waɗansu sun yi mata ɗan ƙari don ta riƙa sanar da systemd, manhajar da ke tada ayyuka in an kunna na'ura, cewa ta tashi. Sashen systemd ɗin nan kuwa ya kan jawo xz tare da shi. Ta haka xz ta kan sami kanta cikin ɗaki ɗaya da mai tsaron ƙofa. Da ta shiga, sai ɓoyayyen abin ya sauya wurin da a ke duba mabuɗi. Kowa ya zo da mabuɗinsa a duba shi yadda aka saba. Amma in wanda ke riƙe da wani mabuɗi guda ya zo, wanda Jia Tan ya dasa takwaransa a ciki, sai na'ura ta bi umurninsa da ikon uban gida, ba tare da ya shiga ta hanyar da a ke rubuta masu shiga ba. Ko wani ɓarawon ya gano ƙofar ba zai iya buɗe ta ba, ta mutum ɗaya ce.

Har da wani ɗan ƙari da ya tuna mana da 2003. Akwai wani shinge na tsaro da xz kan gwada ta gani ko na'ura na da shi kafin ta yi amfani da shi. A cikin rubutun gwajin Jia Tan ya sa ɗigo guda a farkon wani layi, don gwajin ya riƙa faɗuwa kullum, a ɗauka babu shingen. Wannan kam a cikin rajista ya ke, sai bayan asiri ya tonu aka koma aka gan shi.

Da ya gama, sai aka shiga roƙon masu harhaɗa Linux su karɓi sabon fitowar da wuri. Wani suna kuma, Hans Jansen, ya rubuta wa Debian yana neman haka. Ta kuwa shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da openSUSE Tumbleweed, da Kali. Ubuntu na shirin fito da babban tsarinta na 24.04 cikin Afrilu, wanda dubban ma'aikatu za su ɗora su yi shekaru a kai.

RANA ƊAYA TA MAI KAYA

Andres Freund Bajamushe ne, injiniya a kamfanin Microsoft, aikinsa kuwa gyaran PostgreSQL, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta ajiye bayanai. Ba ma'aikacin tsaro ba ne, ba kuwa ɓarawo ya fita nema ba. Yana auna saurin manhajarsa ne a kan reshen gwaji na Debian, yana so na'urar ta yi tsit don awonsa ya fita daidai. Sai ya ga SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, har a kan masu ƙwanƙwasawa da sunan da babu shi, waɗanda ya kamata a sallama nan da nan. Ya auna, ya ga abin da ke ɗaukar wajen sulusin sakan ya koma ɗaukar kusan sakan guda, ƙarin rabin sakan ke nan. Ya kuma tuna 'yan makonni kafin nan wata manhajar bincike mai suna Valgrind ta yi wani ƙorafi wanda bai gane kansa ba.

Mutum nawa ne cikinmu zai tsaya saboda rabin sakan? Yawancinmu tsaki za mu yi mu ce na'ura ce ta tsufa. Shi kuwa ya bi sawu, ya ga ƙarfin a cikin xz ya ke ƙonewa, ya kwatanta ƙunshin da aka rarraba da abin da ke cikin rajista, ya ga sun saɓa. Ya sanar da masu tsaron Debian, sa'an nan ran Jumma'a 29 ga Maris 2024 ya bayyana wa duniya duka, da hujjojinsa dalla-dalla.

Kafin gari ya waye an yi aiki mai yawa. Red Hat ta ba abin lamba, CVE-2024-3094, ta sa masa maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Hukumar tsaron kwamfuta ta Gwamnatin Amurka ta ce kowa ya koma tsohon fitowa. GitHub, inda rajistar xz ta ke, ta rufe ta na ɗan lokaci. Ubuntu ta ɗage fitowar gwajinta da mako guda, ta sake gina kayanta don kada a bar ɓurɓushi. Masana daga ƙasashe dabam dabam suka kwana suna warware ƙullin, rajistar nan kuwa ita ta ba su damar bin duk abin da Jia Tan ya taɓa tun ran da ya fara, da ranarsa da sa'arsa. Shi kuwa tun ran nan ya yi ɓatan dabo. Da yawa cikin masu binciken suna ganin irin wannan haƙuri da gwaninta da kashe lokaci sun fi kama da aikin ƙungiya mai ƙarfi, watakila ma ta wata gwamnati, ba na mutum guda ba.

SAURI KO JINKIRI

Abin da ya tsirar da bankuna da asibitoci da ofisoshi shi ne yawancinsu ba sa ɗora sabon abu da zafinsa. Debian tana da reshen gwaji da reshe tabbatacce, kaya kan daɗe a na farko kafin ya gangaro na biyu. Tabbataccen na lokacin, Debian 12, yana kan xz 5.4.1, ƙofar ba ta kai gare shi ba. Haka nan tsarin da Red Hat ke sayar wa kamfanoni. Mai gadin da ya yi jinkiri ya ci riba.

Amma kada a ɗauka jinkiri kullum alheri ne, nan ne wuyar sana'ar ta ke. A watan Maris na 2017 aka gano rami a wata buɗaɗɗiyar manhaja, Apache Struts, aka fito da gyara. Kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye tarihin bashin mutane, bai ɗora gyaran a kan wata na'urarsa ba. Daga Mayu zuwa Yuli ɓarayi na ciki suna ɗiba, har suka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147. Watau gyaran da ya toshe ramin da aka sani a kan ɗora shi yau yau, sabon fitowa mai sababbin abubuwa kuwa a bar shi ya huce tukuna. Rarrabe biyun nan shi ne abin da a ke biyan mai kula da na'ura dominsa, ko da ya ke sau da yawa masu biyan ba su san haka ba.

Akwai wata magana da 'yan gayyar nan su kan yi alfahari da ita, cewa in idanu sun yi yawa ba kuskuren da zai ɓuya. Masu sukar buɗaɗɗiyar manhaja sun ce labarin xz ya ƙaryata ta, masu goyon baya sun ce ya gaskata ta. A ganinmu kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Lalle da rubutun a kulle ya ke, da Freund ya ga jinkirin bai sami inda zai duba ba, iyakarsa ya aika da ƙorafi ga kamfani ya jira. Amma kuma izinin dubawa dabam, dubawar dabam. Fiye da wata guda ƙofar na zaune a fili, idanun da a ke faɗa kuwa kowa ya ɗauka wani ne ke dubawa.

Ba kuwa yau aka fara ganin haka ba. A Afrilu 2014 aka gano kuskuren da aka yi wa laƙabi Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke rufe sirrin ciniki a intanet. Kuskuren ya shiga rajista ran 31 ga Disamba 2011, ya yi fiye da shekara biyu ba a gani ba. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce wajen dala 2,000 a shekara ba, mutum guda ne kuma ke yinsa a matsayin cikakken aiki, alhali kamfanonin da ke cin moriyarsa dukiyarsu ba ta lissaftuwa. Sai a sa'an nan manyansu suka haɗa kuɗi aka kafa asusu. A 2022 Gwamnatin Jamus ta kafa nata asusun don biyan masu riƙe da irin waɗannan ƙananan ginshiƙai. Abin a yaba ne, amma rijiyoyin da gari ke sha ba mai yasa suna da yawa, ba a kuwa san adadinsu ba sai guga ya fito da laka.

Bayan tonuwar asirin an ɗauki waɗansu matakai. Mutanen systemd da ma sun fara gyara don sashen nan nasu ya daina jawo xz sai in ana bukatarta, waɗansu ma na ganin jin labarin gyaran ne ya sa ɓarawon gaggawa har ya yi sakaci. OpenSSH ta koyi sanar da systemd da kanta ba tare da ɗan rakiya ba. Masu harhaɗa Linux da dama suka koma gina kaya kai tsaye daga rajista, ko su kwatanta ƙunshi da rajista kafin su karɓa. Aikin da mutanen Debian suka daɗe suna yi, na a tabbatar mutum biyu in sun gina rubutu ɗaya za su sami abu ɗaya daidai wa daida, ya ƙara samun masu saurare. A tsakiyar Afrilu 2024 kuma ƙungiyoyin OpenSSF da OpenJS suka yi gargaɗi cewa sun ga an gwada irin wannan dabara a wani aikin, waɗansu baƙin sunaye na matsawa a naɗa su masu riƙo, aka ƙi.

Lasse Collin kuwa, da GitHub ta mayar masa da rajistarsa, ya zauna ya bi gyare-gyaren tsohon mataimakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya cire fayilolin nan biyu, ya share ɗigon. Ran 29 ga Mayu 2024, wata biyu cif bayan sanarwar Freund, ya fito da xz 5.6.2 da sa hannunsa.